KUKAN KURCIYA JAWABI NE: RADDI GA MASU KARKATAR DA WAƘOƘIN BAYIN AMURKA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya haramta wa kansa zalunci, kuma Ya haramta shi a tsakanin bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, lalle zalunci hawa-hawa ne. Akwai wanda zai ƙwace maka gona, akwai wanda zai raba ka da 'ya'yanka, akwai kuma wanda bayan ya aikata duka biyun, idan ka yi kuka, sai ya miƙe a bainar jama'a ya ce shi ne zai fassara musu abin da kukan naka yake nufi. A kan wannan na ƙarshen muke son mu yi magana a wannan wata. Misalin da muka ɗauka kuwa shi ne waƙoƙin da baƙaƙen bayi suka rera a gonakin Amurka, da irin fassarar da aka yi musu tun masu su suna raye, wadda har yau ba ta mutu ba.

Matsayinmu a fili yake. Waƙar wanda aka zalunta shaida ce a kan azzalumi, kuma duk wanda ya ji ambaton haƙuri a cikinta ya fassara shi da yarda, to, ya yi wa mai waƙar zalunci na biyu.

A INA AKA RERA WAƊANNAN WAƘOƘI?

Ba a fahimtar magana sai an san wurin da aka yi ta. Masana tarihi sun ƙididdige cewa kimanin mutum miliyan 12 da rabi aka loda a jiragen ruwa daga gaɓar Afirka zuwa ƙetaren Tekun Atlantika, kuma kusan miliyan 2 daga cikinsu ba su isa ba, teku ce ta zama kabarinsu. Waɗanda aka kai Amurka ta Arewa sun yi ta hayayyafa a cikin bauta, har ƙidayar shekarar 1860 ta samu bayi kusan miliyan 4 a ƙasar.

Tun a cikin jirgi aka fara tilasta musu waƙa. Wani likita Bature ɗan Ingila mai suna Alexander Falconbridge, wanda ya yi aiki a jiragen fataucin bayi, ya wallafa abin da ya gani a shekarar 1788. Ya bayyana yadda ake fito da su saman jirgi a sa su rawa da bulala, don kada jikinsu ya mutu kafin a kai su kasuwa, kuma ya shaida cewa idan aka tilasta musu waƙa, galibin abin da suke rerawa makoki ne na rabuwa da ƙasarsu.

A watan Satumba na 1739, wasu bayi a yankin Stono na Karolina ta Kudu suka yi bore, suka tasam ma Fulorida, wadda take hannun Sifaniyawa a lokacin, suna tafe suna buga ganga don kiran 'yan'uwansu. Bayan an murƙushe su, sai aka kafa doka a 1740 wadda ta hana bawa riƙe ganga ko ƙaho ko duk wani abu mai ƙara da za a iya tara jama'a da shi, kuma ta ɗora tara mai nauyi a kan duk wanda ya koya wa bawa rubutu. Bayan boren Nat Turner a Birjiniya a 1831, aka ƙara tsananta dokokin hana su karatu da taruwa don ibada ba tare da idon Bature ba. To, mutumin da aka hana shi alƙalami, aka hana shi ganga, aka hana shi taro, me ya rage masa? Muryarsa kaɗai. A cikinta ya zuba tarihinsa da addu'arsa da ƙararsa.

FASSARAR UBANGIDA

Sai iyayengiji suka ce: ku saurara ku ji, bayinmu waƙa suke yi, ashe kuwa suna cikin jin daɗi! Da wannan hujja suka riƙa kare bauta a majalisa da majami'a da jarida.

Wanda ya rusa wannan ƙarya ɗan cikin gida ne. Frederick Douglass an haife shi bawa a jihar Merilan, ya tsere a 1838, ya wallafa tarihin rayuwarsa a 1845. Ya ba da labarin gandun da ya tashi a ciki, inda yaran da ba su kai aikin gona ba suke samun 'yar riga biyu kacal a shekara, idan sun yage sai su yi yawo tsirara. Ya ce ya yi matuƙar mamaki da ya isa arewacin ƙasar ya tarar da mutanen da suke ɗaukar waƙar bayi a matsayin alamar gamsuwa, alhali shi abin da ya sani shi ne bawa ya fi yawan waƙa a lokacin da baƙin ciki ya fi cin zuciyarsa, kuma waƙar tana sauƙaƙa masa ne kamar yadda hawaye suke sauƙaƙa wa mai ƙunci. A littafinsa na biyu, na 1855, ya ƙara da cewa sarakunan gandu ba sa ƙaunar bawa mai shiru, sukan umarce su da su ɗaga murya, domin ta haka ake sanin inda suke da kuma ko suna aiki.

Ku dubi wannan makirci da kyau. Kai ne ka tilasta masa waƙa da bulala, sa'an nan kai ne kuma ka kafa hujja da waƙar cewa yana murna. Wane alƙali ne mai tsoron Allah zai karɓi shaidar da mai laifi ya tatsa da duka?

Ba su tsaya a nan ba. Da suka ga waƙoƙin bayi na ainihi ba su faɗi abin da suke so ba, sai suka ƙirƙiri nasu. Wajajen 1830 wani Bature ɗan wasa mai suna Thomas Rice ya fara shafa baƙi a fuskarsa yana rawa da waƙa a dandali, yana kwaikwayon wani bawa wawa da ya laƙaba wa suna Jim Crow. Wasan ya karɓu, ya zama sana'a, har daga baya aka riƙa kiran dokokin wariyar launin fata na kudancin ƙasar da wannan suna. A 1851 Stephen Foster, shi ma Bature, ya tsara waƙa da bakin wani baƙar fata wai yana begen tsohon gandu, kuma a 1935 jihar Fulorida ta ɗauke ta waƙar jiha. Wato an danne muryar bawa, an ari bakinsa, an ci masa albasa da shi.

ƘA'IDAR DA KOWANE ƊALIBIN ILIMI YA SANI

Malamanmu na usulu da balaga sun daɗe da shimfiɗa ƙa'idojin fahimtar zance. Kafin a yanke hukunci a kan magana sai an tambaya: wane ne ya faɗe ta, a gaban wa, kuma yana da 'yancin faɗin abin da ke ransa ko kuwa takobi na bisa wuyansa? Maganar wanda aka tilasta ba ta ɗaukar hukuncin maganar mai zaɓi. Lokacin da mushrikan Makka suka azabtar da Ammar bin Yasir (RA) har ya furta abin da suke so, Manzon Allah (SAW) zuciyarsa ya tambaya, kuma aya ta 106 ta Suratun Nahli ta sauka tana ɗauke laifi daga wanda aka tilasta matuƙar zuciyarsa tana natse da imani. Haka nan malaman balaga sun san kinaya, sun san tauriyya, wato a faɗi kalma mai fuska biyu, mai sauraro ya tafi da ta kusa, mai magana kuwa ta nesa yake nufi.

Bahaushe ma ba baƙo ba ne ga wannan. Matar da take waƙar niƙa a tsakar gida tana ambaton kaza da shaho, kowa a gidan ya san ba kiwon kaji take magana a kai ba. Habaici makamin mara ƙarfi ne.

Da wannan ma'auni za mu auna waƙoƙin bayin Amurka. Me ya sa, daga cikin dukkan ƙissoshin da suka ji a Baibul, suka fi riƙo da ƙissar Annabi Musa (AS) da Fir'auna, da fitar Bani Isra'ila daga Masar, da halakar rundunar azzalumi a cikin teku? Me ya sa suka yawaita ambaton Annabi Yunusa a cikin kifi, da Daniyalu a ramin zakuna? Wanda ya gamsu da halinsa ba ya kwana yana rera labarin kuɓuta. Su kansu masu bautarwa sun san haɗarin wannan ƙissa. A 1807 an buga wani Baibul na musamman a Landan don bayin tsibiran Karebiyan da ke ƙarƙashin Ingila, aka cire masa mafi yawan Tsohon Alkawari, har da labarin fita daga Masar, aka bar ayoyin da ke umartar bawa da biyayya ga ubangidansa. In da ƙissar Musa ba ta da ma'ana a kunnen bawa sai ta lahira, me ya kai su ga yanke ta?

Douglass ya faɗa da kansa cewa lokacin da shi da abokansa suke ƙulla shirin gudu a 1836, sun riƙa rera waƙar tafiya ƙasar Kan'ana, kuma Kan'anarsu ita ce arewacin ƙasar inda babu bauta. Harriet Tubman, wadda ta tsere a 1849 sa'an nan ta yi ta komowa har kusan sau 13 tana fitar da mutane kimanin 70, jama'arta Musa suke ce mata, kuma an ruwaito daga gare ta cewa takan yi amfani da waƙa ta sanar da waɗanda ke ɓoye ko hanya ta yi kyau.

Akwai wani misali da ya kamata ya taɓa zuciyar kowane Musulmi, ko da yake rubutu ne ba waƙa ba. Umar bin Sa'id malami ne daga Futa Toro, aka kama shi aka kai shi birnin Charleston a 1807. Iyayengijinsa a Karolina ta Arewa sun riƙa nuna shi a matsayin bawa mai godiya wanda ya karɓi Kiristanci. A 1831 ya rubuta tarihinsa da Larabci, kuma a ciki ya yabi ubangidansa da kyautatawa. Amma da me ya buɗe littafin? Da Suratul Mulki, surar da take tabbatar da cewa mulki da mallaka a hannun Allah suke Shi kaɗai. Mutumin da doka ta ce dukiyar wani ne, ya fara zancensa da wannan sura, a cikin harshen da mai shi ba ya iya karantawa. Wanda ya tsaya a kan yabon ya tsallake surar bai karanta Umar ba.

HAƘURI DABAN, YARDA DABAN

Akwai wata ƙungiya ta biyu, waɗanda suke ganin kansu masoya 'yanci ne, amma suka faɗa ramin da iyayengiji suka haƙa. Su suna cewa waɗannan waƙoƙi banju ne da aka ɗirka wa bayi, an shagaltar da su da begen aljanna don su manta da sarƙar da ke ƙafarsu. Wannan ra'ayi ya samo asali ne daga masu ɗaukar addini gaba ɗayansa a matsayin abin sa maye ga talakawa.

Muna ce musu: ba ku san ma'anar haƙuri ba. Haƙuri shi ne mutum ya riƙe zuciyarsa kada ta karye, ya riƙe saninsa cewa abin da ake yi masa ɓarna ce, har ranar da Allah zai kawo mafita. Yarda kuwa ita ce ya gaskata cewa abin da ake yi masa daidai ne. Annabi Musa (AS) ya umarci mutanensa da neman taimakon Allah da haƙuri a lokacin da Fir'auna yake yanka 'ya'yansu, kuma shi ne dai ya fita da su da dare. Iyalan Yasir an yi musu bushara da aljanna a kan haƙurinsu, ba wanda ya ce sun yarda da Abu Jahal.

Ku tuna halin da masu waƙar suke ciki. Tsarin mulkin Amurka na 1787 ya lissafa bawa a matsayin kashi uku cikin biyar na mutum wajen rabon kujerun majalisa. A 1857 Kotun Ƙoli, a shari'ar Dred Scott, ta yanke cewa baƙar fata ba zai zama ɗan ƙasa ba. Tsakanin 1790 da 1860 an kwashi bayi kimanin miliyan ɗaya daga tsofaffin jihohi zuwa sababbin gonakin auduga da rake na can kudu, ana raba uwa da ɗa, miji da mata, a bakin kasuwa. A irin wannan hali, mutum ya tashi ya rera cewa shi bawan Allah ne mai daraja, yana da suna a wurin Ubangijinsa, yana da gida da ba mai korar sa, kuma akwai ranar da za a tsayar da kowa a yi hisabi, wannan ƙaryata dokar ƙasa ce daga tushenta. Ambaton ranar hisabi a kunnen azzalumi gargaɗi ne. Kuma idan suka rera kukan ɗan da ya rasa uwa, ba wani mujazi mai nisa suke yi ba, abin da ya faru a kasuwar jiya suke faɗa. Shi ya sa W. E. B. Du Bois, a littafinsa na 1903, ya kira su waƙoƙin baƙin ciki, kuma ya ga cewa a ƙarƙashin baƙin cikin akwai imani da cewa adalci zai tabbata a ƙarshe.

MASU WUCE GONA DA IRI

Adalci ya wajabta mana mu tsawata wa wani ɓangaren kuma. Akwai waɗanda don ƙaunar bayin suka mai da kowace waƙa taswirar gudu, kowace kalma alamar sirri. Sukan kawo waƙar da ake cewa tana umartar mai gudu ya bi taurarin nan masu siffar ludayi har ya isa arewa. Amma wannan waƙa ba a buga ta ba sai a 1928, fiye da shekara 60 bayan soke bauta, kuma masana da dama suna shakkar labarin da aka gina a kanta. Wannan hanya ita ce hanyar Baɗiniyya, masu barin zahirin nassi ba tare da dalili ba. Ba a karkatar da lafazi daga zahirinsa sai da alama mai ƙarfi, irin shaidar Douglass a kan Kan'ana. Bawan da ya ambaci aljanna, aljannar yake nufi da gaske, kuma yana nufin 'yanci tare da ita, ɗaya ba ta kore ɗaya ba.

Haka nan muna jan kunnen 'yan'uwanmu da suke son su musuluntar da waƙoƙin da ƙarfi. Gaskiya ne akwai Musulmi masu yawa a cikin waɗanda aka sace, kuma masu bincike irin su Sylviane Diouf sun lura da kamanni tsakanin jan muryar wasu waƙoƙin aiki na kudancin Amurka da jan muryar ladani. Amma mafi yawan waƙoƙin da aka tattara, kamar guda 136 da aka buga a littafi a 1867, lafazinsu na Kiristoci ne. Ba ma buƙatar mu canza wa wanda aka zalunta addini kafin mu yarda an zalunce shi.

GA MAI CEWA: AI WAƘA CE, INA RUWANMU?

Wani ɗan'uwa zai ce: mene ne haɗin mujallar addini da waƙoƙin waɗanda ba Musulmi ba? Amsarmu ita ce, ba kiɗa muka zo halattawa ba, kuma ba mu yarda da abin da ya saɓa wa tauhidi a cikin lafazinsu ba. Saɓanin malamai a kan kayan kiɗa yana nan a littattafan fiƙihu, ba shi ne zancenmu ba, balle ma galibin waɗannan waƙoƙi da murya da tafi aka yi su, tun da an ƙwace ganga. Zancenmu a kan shaida ne. Allah Ya hore mu da tsayawa a kan adalci ko da a kan waɗanda muke ƙi ne, to, ina ga raunana? Aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ta ba wanda aka zalunta izinin ɗaga murya da abin da aka yi masa. Ƙarshen Suratush Shu'ara, bayan zargin mawaƙa, ya keɓe muminai masu aikin ƙwarai waɗanda suka kare kansu bayan an zalunce su. Sahabbai sun rera baitoci suna haƙa ramin Handaƙu cikin yunwa da sanyi, Manzon Allah (SAW) yana amsa musu. Kuma shi ne ya gargaɗi Mu'azu (RA), lokacin da ya aike shi Yaman, da ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, domin babu shamaki tsakaninta da Allah. Malamai sun bayyana cewa wannan ya haɗa har da wanda ba Musulmi ba.

RIGAR TA CANZA, MAI ITA YANA NAN

An soke bauta a 1865, amma gyaran tsarin mulkin da ya soke ta ya bar ƙofa a buɗe ga wanda kotu ta ɗaure. Ta wannan ƙofa aka cika gonakin fursuna da baƙaƙe, irin gonar Parchman ta Misisipi, inda Alan Lomax ya naɗi waƙoƙin fursunoni suna sara da gatari a 1947 da 1948. Cibiyar Tuskegee ta ƙirga baƙaƙe 3,446 da gungun mutane suka kashe ba tare da shari'a ba tsakanin 1882 da 1968. Da Billie Holiday ta so naɗar waƙa a kan gawarwakin da ake ratayewa a bishiyoyi a 1939, kamfaninta na Columbia ya ƙi, sai wani ƙaramin kamfani ne ya karɓa. Waƙar da za a iya fassarawa da murna ana sayar da ita, wadda ta fito fili kuwa ana rufe mata ƙofa.

A zamaninmu fassarar ta juya. Masu gabatar da ƙara a kotunan Amurka sun riƙa kawo baitocin waƙoƙin rap na samarin unguwannin baƙaƙe a matsayin iƙirarin laifi, har jihar Kalifoniya ta kafa doka a 2022 don taƙaita hakan, amma a 2023 wata kotu a birnin Atlanta ta yarda a gabatar da irin waɗannan baitoci a wata babbar shari'a. Ba mu kare batsa da kambama kisa da ke cikin da yawa daga waɗannan waƙoƙi ba, abin ƙi ne a wurinmu, kuma kamfanonin da suke cin kasuwa da shi suna da kaso mai tsoka na alhakin. Abin da muke nunawa shi ne, jiya an ce waƙarsa hujja ce cewa yana jin daɗi don a ci gaba da bautar da shi, yau an ce hujja ce cewa shi mai laifi ne don a ɗaure shi. A duka biyun mai ƙarfi ne yake riƙe da fassara.

Saboda haka, ya 'yan'uwa, idan kuka ji muryar raunana a ko'ina, a gona ko a kurkuku ko a sansanin gudun hijira, kada ku karɓi tafsirinta daga bakin wanda ya jefa su a ciki. Ku tambayi masu ita, ku binciki halin da aka yi ta, ku ba zahiri haƙƙinsa, ku ba ishara haƙƙinta. Kuma idan kuka ji mai mulki ko mai dukiya yana yabon talakawa da cewa mutane ne masu haƙuri, ku tambaye shi: haƙuri a kan me, kuma wa ya ɗora musu abin da suke haƙurin a kansa?

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata, Ya kuma tsare mu daga zama 'yan amshin shatan azzalumai.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.